Ɗan Dako Ba Zai Gyara Wa Ɗana Baki Ba

Alhaji Hamid na Zaitawa, ɗan kasuwa jikan Larabawa, yana da ɗa a ajin ƙarshe na sakandare, Idris. Yaron ya iya rubuta Turanci, amma in aka ce ya faɗa da baki sai gumi.

Shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, ma'aikata 'yan Kudu sun koma gida, ofisoshi sun yi fayau. Malam Ilu mai koyar da Turanci ya ce wa ɗalibansa aiki yana nan, amma sai mai baki. Ya sa su wasan kwaikwayo duk Alhamis. In an gama, 'yan aji su faɗa wa kowa kuskurensa.

Idris ya fito a akawu, ya nemi takarda da Turanci, maimakon 'paper' ya ce 'fefa'. Maharazu, ɗan wani mai dako a Ƙofar Dawanau, ya ɗaga hannu.

"Idris, ba 'fefa' ba ne. Haɗa leɓɓanka, ka sake."

Iyakar laifin ke nan fa! Idris ya kai ƙara gida, washegari Alhaji ya dira makaranta.

"Malam, karatu na kawo shi ko wasa? Kuma ɗan dako ne zai gyara wa ɗana baki? Ubansa fa kayana yake ɗauka!"

"Alhaji, sunan ne kawai wasa..."

"Ai ka faɗa da bakinka. Ɗana ba ɗan kama ba ne."

Tun daga ranar, duk Alhamis Idris yana bayan aji, baki a rufe.

Ƙarshen shekara ofishin waya ya nemi masu haɗa kira. Ranar gwaji aka miƙa wa Idris kan waya, wata murya ta zuba masa Turanci. Wallahi ya fahimci komai, amma kalma ɗaya ta ƙi fita. Aka ɗauki Maharazu. Kunya ta hana Idris zaman unguwa, ya shiga soja ba da sanin ubansa ba.

Yaƙi ya ƙare, Idris bai dawo ba. Alhaji ya tafi ofishin waya cigiya. To, wa zai buga masa bariki ya tambaya? Maharazu. Ya daɗe yana Turanci, sannan ya ajiye wayar a hankali.

"Baba, ku zauna tukuna."

Alhaji ya cire hularsa. Ya gane Idris ya rasu a yaƙin.

Jama'a, yaro da baki yake koyon harshe, ya yi kuskure, ɗan'uwansa ya gyara masa. Ku daina tambayar ɗan wane ne mai gyaran. Ku bar yaranku su buɗe baki!