Hucin Akwatin Bah Phrang

Ranar Lahadi, tara ga Maris, 2014, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, Bah Phrang ya jona sabon akwatin tsakanin jitarsa da lasifikar majami'a, ya murɗa maɓallinsa na farko.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana kaɗa wa mawaƙan wannan ƙaramar majami'a ta gefen garin Shillong jita, inda ake sakaya sunan namiji da Bah, na mace da Kong, don girmamawa. A 'yan shekarun nan muryar jitar ta dushe, kamar an lulluɓe ta da bargo. Ya sauya tsirkiya, ya sauya waya, ya kai lasifikar gyara sau biyu, duk a banza. Akwatin nan, ɗan baƙi mai maɓalli biyu, aikinsa shi ne fito da siraran muryoyin da suka nutse a cikin kiɗa. Da ya murɗa rabi bai ji wani bambanci ba. Da ya kai ƙarshe, sai ga jitarsa garau, kamar ta zamanin samartakarsa.

Bah Welson mai ganga, abokinsa tun makarantar mishan, ya leƙo yana taunar goro.

"Tsoho, akwati ba ya ƙara wa yatsa abin da ya rasa. Ina ka samo wannan?"

"Kyauta ce. Kong Rilin ta ba ni, cikin kayan ɗanta marigayi."

Bah Welson ya daina tauna.

Kowa a unguwar ya san abin da ake raɗawa game da gidan Kong Rilin: wai dukiyarsu ta thlen ce, macijin nan da ake cewa wasu na kiwo a ɓoye suna ciyar da shi da jinin mutane. Ana kuma cewa yakan bi kayan gidan duk inda aka kai su. Bah Phrang ya yi dariya, ya ce shi ya bar waɗannan tatsuniyoyi tun yana aji uku.

Suna fara waƙar farko jarirai biyu suka tsala kuka. Karen mai gadi, da ya saba kwanciya a bakin ƙofa, ya tashi ya bar harabar. Wata yarinya ta toshe kunnuwa tana nuna akwatin, ta ce da ƙarfi, "Yana huci!"

Da aka tashi, Bah Phrang ya kara kunnensa a jikin lasifikar. Shiru.

Lahadin da ta biyo, kujerun gaba duk babu kowa. Matasan da shi ya koya wa riƙon jita suna gaishe shi idonsu a ƙasa. Wani dattijon majami'a ya ja shi gefe, ya matso da bakinsa kusa da fuskarsa.

"Bah, ba na son in yi maka rashin kunya. Amma ka rabu da abin nan. Mutane suna magana."

A gida ya ajiye akwatin a kan tebur ya zuba masa ido. Ya jona, ya kaɗa a hankali. Daɗi kawai yake ji. Wannan daɗin shi ya fi ba shi tsoro, domin ya san abin da ke zuwa da alheri haka kwatsam ba ya zuwa kyauta. Daphi, autarsa, wadda bisa al'adarsu gidan ya zama nata tun rasuwar uwarta, ta fito daga kicin riƙe da kai, ɗanta a baya yana ta kuka.

"Pa, don Allah! Abin nan zai kashe mu a gidan nan. Kwana nawa ina faɗa maka, kai ko juyowa ba ka yi."

Bai tuna ta taɓa faɗa ba. Ya dubi jikansa, ya ga kamar ya rame.

Ya san yadda abin yake ƙarewa. In suna ya fita, ba mai sake karɓar goro daga hannun Daphi, ba mai sayen kayan lambunta, wata rana kuma duwatsu za su sauka a kan rufin. Tsofaffi sun ce ba a rabuwa da thlen sai an bar masa komai, gida da sutura, a fita hannu sake.

Ya sami Bah Welson a bakin kasuwa. "Tsakaninka da Allah, kai ka ji hucin?"

"Ban ji ba. Amma ai maciji ba ya yi wa na gida huci." Ya yi ƙoƙarin dariya, ta ƙi fitowa.

Lahadi ta uku Bah Phrang ya yanke shawara. Zai kai akwatin gaban bagadi ya buɗe shi iyakar ƙarfinsa da waƙar yabo. In akwai wani abu a ciki, a ɗakin Ubangiji zai fito. Ya kai maɓalli na biyu ƙarshe shi ma, ya rufe ido, ya kaɗa baiti huɗu cif, gumi na bin bayansa. Bai taɓa jin jitarsa ta yi kyau haka ba.

Da ya buɗe ido, ƙofa a wangale take, kusan duk jama'a suna waje, har da fasto. Ya durƙusa a wurin, yana shirya kalmomin da zai gaya wa Daphi cewa su bar gidan.

Cikin mutum ɗari da goma sha biyu da suka shigo da safen nan, huɗu ne suka rage a ciki, waɗanda siririyar ƙarar akwatin mai huda kunne ba ta kora ba: Kong Thei, mai shekara tamanin da shida, wadda rabonta da jin tsawa tun bikin jikarta, Bah Lamphrang, da ya manto na'urar da ke taimaka masa ji a gida, Bah Welson, da ganga ta cinye wa kunne tun tuni, sai Bah Phrang, wanda shi kaɗai ne a unguwar bai san ya fara kurumcewa ba.