Harshen da Ba Shi da Baka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga wanda Ya sanya saɓanin harsuna cikin ayoyinSa. Tsira da aminci su tabbata ga mafi fasahar halitta.

Bayan haka, marigayi Injiniya ya bar wa iyalinsa abu uku: kamfanin rubuta manhajar kantunan magani, da harshen kwamfuta da ya ƙaga da kansa, da tsohon allon maɓallan da ya yi aikin a kansa. Allon yana cikin akwatin gilashi a ƙofar ofis, haruffansa sun goge, gefensa ɗaure da salatif, ga giɓi a jerin sama. Marigayi ba ya sauya abu muddin yana da sauran numfashi. A gida rowa ake kiran wannan hali; a ofis, bayan rasuwarsa, sai ya koma zuhudu.

Harshen yana da siffar da ta raba shi da sauran harsuna: babu baka a cikinsa, wato alamomin nan biyu masu lanƙwasa da ake killace lissafi a tsakaninsu. Abin da wani harshe zai gama a layi ɗaya, sai an yanka shi gunduwa-gunduwa har ya cika shafi.

Babban ɗan, wanda ya gaji kujera, ya ga hikima a nan wadda ba ta da iyaka. Ya yi wa harshen sharhi, ya yi wa sharhin hashiya, ya wajabta wa kowane sabon ma'aikaci karanta su. A fahimtarsa, baka mafakar malalata ce, kuma mahaifinsa ya ƙi shi ne domin kada wani abu ya ɓuya a cikin wani. "A gaban wannan allo na yi rarrafe," in ji shi, yana dafa tumbinsa. "Ba karanta harshen nan na yi ba, a jikina yake." Ma'aikata sukan gyaɗa kai da irin khushu'in da albashi ke haifarwa.

Ƙanwarsa Auta ba ta gyaɗa ba. Ita ke gyaran manhajar idan ta tsaya, ita ke sauraron masu kantuna idan sun gaji da jira. Ta kawo shawarar a ƙara baka. Ta nuna shafi guda na harshen gida, ta ajiye layi ɗaya na wani harshe kusa da shi.

"Bidi'a," in ji yayan. "Ke da aka haifa bayan an kammala harshen, ke za ki gyara wa Baba?"

"Yaya, ni masu kanti nake ji, ba hashiya ba."

Muhawara ta raba ofis gida biyu. Masu baka suka daina shan shayi da marasa baka. Aka kafa hujja, aka rushe hujja, aka jingina wa mamaci maganganun da bai san da su ba. Daga ƙarshe yayan ya yanke hukunci: ko Auta ta janye a gaban kowa, ko ta kwashe kayanta. Ita kuwa ba ta san wani aiki ba tun da ta gama karatu, kuma ta ce ba za ta janye ba.

Sai dai korar ba ta tabbata sai da yardar mahaifiyarsu, domin kason kamfanin da ke hannunta ya rinjayi nasu. Aka ɗauko Inna, wadda iyakar saninta da kwamfuta shi ne goge mata ƙura. Yayan ya miƙe ya yi huɗuba mai tsawo kan tsarkin tsari da hangen nesan marigayi. Inna ta saurara da haƙuri, tana jan carbi.

"Wai mene ne bakan nan? A nuna mini shi."

Auta ta zana alamar a takarda. Inna ta kusanto da ita ga idonta, ta juya ta, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta tashi ta nufi akwatin gilashi, ta ɗora yatsa daidai giɓin nan.

"Wannan abin kuke son raba zumunci a kansa?"

"Inna, Baba ya bar shi ne da ilimi," in ji yayan.

Allah Ya jiƙan Injiniya, Ya gafarta wa wanda ya rubuta wannan da wanda ya karanta, Ya tsare mu da yi wa matattu sharhi. Auta tana nan a kan aikinta, domin ga abin da Inna ta faɗa a gaban ma'aikata:

"Da ilimi? Kai ka ɓalle maɓallin bakan kana rarrafe ka haɗiye shi, har muka kai ka asibiti, ubanku kuwa ya ce ba zai sayi sabon allo saboda maɓalli ɗaya ba."