Bargo Mai Kauri

Jami'o'i biyu suka ɗauke ta: ɗaya a cikin gari, ɗaya can nesa inda sanyi ke fasa leɓe. Ta faɗa wa telan da take so cewa in ya ce ta zauna, za ta zauna.

Ya zo da ƙunshi a hammata. Bargo ne, mai kaurin da ba mai iya lulluɓa da shi a garin nan.

"Na tambaya, an ce shi ya fi amfani a can," ya ce, idonsa a kan takalminsa.

Ta shafa bargon, tana jiran ranta ya ɓaci. Bai ɓaci ba.

Mamarta ta leƙo falo ta taɓa bargon.

"Kai, yaron nan akwai hankali! Ke, ba godiya?"

"Na gode," ta ce. "Zai yi amfani."