Jinin Karen Orval

Na rantse da kabarin kakata, abin da zan faɗa muku da idona na gan shi. Kuma idon nan nawa, ko ƙuda ya gifta a garin maƙwabta sai na gaya muku mace ce ko namiji.

Tun watan Yuli Orval Pruitt ya shimfiɗa taswirar jihar Dakota ta Kudu a teburin kicin ɗinsa, ya danne ta da kwalbar gishiri. Shekara ashirin da shida mu uku muke barin jiharmu ta Missouri duk kaka, mu je can farautar kajin daji masu dogon wutsiya: ni Dub, da shi, da Lonnie Baskett.

Bana kam ba wanda ya zaci za a je, don bara a can aka harbe Tuck, karen Orval. Tsuntsu ya tashi ƙasa-ƙasa, bindigogi suka amsa, kare ya faɗi. Lonnie ya yi ta rantsuwa shi sama ya harba. Orval ya ja ni gefe, na ce masa ni dai na ga bakin bindigar Lonnie yana kallon ƙasa. Ya naɗe karen a rigarsa, ya tuƙo mu awa goma har gida.

Sai ga Orval da kansa ya buga wa Lonnie waya. "Tsoho, sayi lasisinka na farauta da wuri. Abin da ya wuce ya wuce."

Lonnie ya zo da gasasshen haƙarƙari, har da ɗan hawayensa. Kafin ya gama cin rabonsa halinsa na tsokana ya dawo. "Dub ma za shi? To tsuntsaye sun huta. Wannan ko rumbu aka kafa masa sai ya kuskure." Na yi dariya. Shekara ashirin da shida ina wannan dariyar.

Orval bai taɓa shirya tafiya irin ta bana ba. Ya watsar da gonar da muka saba, ya nemo ta wani Arlen Sorum. Sau uku yana kiran mutumin: ina gonar dawar ta fuskanta, ƙarfe nawa rana ke sauka, ƙanwarsa na zuwa ranar Asabar? Ya zana yadda za mu jeru, Lonnie a tsakiya, shi a damansa. Ya sayi sabbin harsasai yana jera su yana gogewa. Ni dai da na ga haka sai na sayi riga mai kauri biyu.

Ka'idar farautar nan kowa ya san ta. Zakara ake harbi, kaza haramun ce. Wanda ya fara ganin tsuntsu shi zai yi ihu, "Zakara!" ko "Kaza!", na kusa da shi kuma ya yarda da bakinsa. Lonnie kuwa yanar ido ta fara cin ganinsa, amma ya ce tabarau na malaman makaranta ne. Shekara biyar da bakin Orval yake gani.

Ranar Asabar da la'asar muka kutsa cikin dawa, rana tsaye a goshinmu. A can ƙarshen gona wata mata na jingine da mota tana shan kofi. Ina satar kallon bindigar Orval, sai na lura ko ɗana ta bai yi ba.

Fir! Biyu suka tashi a gaban Lonnie, suka nufi cikin rana.

"Zakara!" in ji Orval. "Duka biyun! Ba su, tsoho!"

Lonnie gwani ne, wannan ba na hana shi. Harbi biyu, tsuntsu biyu. Yana ta ihun murna har matar ta iso ta ɗago su ta ƙafa. Kaji mata ne, masu launin ƙasa. Ta buɗe rigar sanyinta, sai ga tambarin ma'aikatan gandun daji. Ashe ita ce ƙanwar Arlen.

"Baba, ajiye bindigar."

"Shi ya ce zakara!" in ji Lonnie.

"Ni?" Orval ya dafa ƙirji. "Kaza na ce, har maƙogwarona ya yi zafi. Dub, me ka ji?"

"Kaza," na ce.

Ta karɓe bindigar, wadda Lonnie ya gada a wurin ubansa. Lasisi ma ya tafi, hukuncin kuma ya biyo shi har gida. Mutum mai shekara saba'in da huɗu, in an ce ya dakata ai an gama da shi ke nan.

A hanyar dawowa Lonnie na kujerar baya, ya ƙanƙance kamar tsohon buhu. Sai da muka tsallaka iyakar jiha ya yi magana.

"Sama na harba, Orval."

"Kaza na ce, Lonnie."

To, na ce muku da idona na ga komai, kuma haka ne. Abu ɗaya tak na ƙara daga kaina, shi ma tun bara: bindigar da ke kallon ƙasa ranar da Tuck ya faɗi, tawa ce.