Koren da Ke Idon Masunci

Da aka kwance masa bandeji, tsohon masuncin kogi ya ce a kai shi. Shekaru ke nan yanar ido ta tsare shi a gida, sai yanzu likita a Haɗeja ya cire ta, ya dasa masa ƙwayar roba.

Ɗansa ya goya shi a babur har gaɓar da yake ɗaure kwalekwalensa a da. Ya duba, ya ƙara dubawa, kore kawai har iyakar gani.

"Aikin nan bai yi ba," in ji shi. "Da fari nake gani, yanzu kore."

Ɗan ya tayar da babur, suka juya gida.

Aka koma asibiti, aka sauya maganin ɗigawa, aka yanka masa tabarau. Ya fara zura zare a allura, yana gane jikokinsa daga nesa, amma kogi na nan kore shar. Wane irin ciwo ne mai zaɓen wuri?

Da ya sake shirin komawa asibiti, ɗan ya gangara da shi har ƙasan gaɓa, ya damƙa masa dogon ganye.

"Baba, idonka lafiya lau. Ciyawar kacalla ce ta cinye ruwan. Mun kasa faɗa maka ne."