Manomi da Tsohon Mai Wayarin

Tun da ka ce kunya ce ta hana ka neman taimako, gyara zama in ba ka wani misali. An yi wani manomi da ya gāji tarakta daga mahaifinsa, tsohuwa tukuf, fentinta ya koɗe, kujerarta ƙarfe ce tsura sai buhu da ake shimfiɗawa a kai. Injinta lafiya lau, amma wutarta irin ta dā ce, mai aiki da ƙaramin batir na bolt shida, wanda aka daina kawowa kasuwa. Da batirin ya mutu, sai manomin ya sayo babba mai bolt goma sha biyu ya ɗaura da kansa, yana ganin ai wuta wuta ce. Yana murɗa makulli ƙwayayen fitila suka fashe, hayaƙi ya taso daga wayoyi da warin ƙonannen roba. Ga shi ruwan shuka ya sauka, maƙwabta sun yi nisa da huɗa, gonarsa kuwa ciyawa ta fara rufe ta, kuma da wannan gonar yake ci da gida mai bakuna da yawa. A ƙarshen garin akwai wani tsoho da ya yi rayuwarsa yana aikin wayarin motoci, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Tun daga nan ya daina fita. Kullum yana zaure, hannun damansa a kan cinya kamar ba nasa ba, masu zuwa gaishe shi ma sun ragu. Manomin ya je ya durƙusa ya faɗa masa abin da ya faru. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ɗaga mataccen hannun da mai lafiyar, ya ce, "Ka makara, ɗana. Wanda ya iya aikin ga shi nan kwance." Manomin ya ce, "Baba, hannuwana biyu ne, kuma babu abin da suka sani. Ka ara su."

Da safe ya ɗauko shi a amalanken shanu, ya yi masa shimfiɗa a gindin tsamiya daf da taraktar, ya jingina masa matashi. Tsohon na nuni da sanda, manomin na kwancewa. Suka cire tsohon dainamo suka sa altaneta, wato na'urar da za ta riƙa cika sabon batirin. Tsohon ya nuna masa cewa a tsarin dā jar waya ce ake ɗaurewa a jikin ƙarfen taraktar, yanzu kuwa dole a juya, baƙa ta koma can. Ya sa shi ya saka wani ɗan farin abu mai kamar alli a kan hanyar wutar da ke zuwa filogi, don ya rage mata ƙarfi kada ta ƙone abin da aka gina wa ƙaramar wuta. Yatsun manomin manya ne, sun saba da ƙotar fartanya, sau da yawa siririyar waya takan tsinke masa. Tsohon ba ya faɗa. Sai ya miƙo hannun hagunsa ya riƙe bakin wayar, manomin ya murɗe ta, ya naɗe da baƙin tef. Idan magana ta sarƙe wa tsohon saboda ciwon, manomin yakan ajiye filaya ya jira, ya ba shi ruwa, ya goge masa gefen baki da haɓar rigarsa. Haka suka yi ta yi har suka maye gurbin kowace ƙonanniyar waya da sabuwa, suka sauya ƙwayayen fitila. Da aka gama, tsohon ya ce a taɓa makullin kaɗan, kada a daɗe. Manomin ya yi bismillah ya murɗa. Injin ya yi tari, ya kama, awakin da ke kwance a inuwa suka watse. Tsohon ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen da ke kaɗawa, ya daɗe bai janye ba, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya roƙi a hawar da shi kan taraktar. Manomin ya ciccibe shi ya zaunar da shi kusa da kujerar direba, ya ɗaure shi da rawani don kada ya zame, suka bi ta tsakiyar gari zuwa gona, mutane na fitowa ƙofar gida suna ɗaga wa tsohon hannu. A wannan damina gonar ta yi dawa har rumbu ya kasa ɗauka, kuma damin farko gidan tsohon aka kai.

To ka ji. Shi ya sa magabata suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.