Igiyar Tankin Ruwa

Iska na ta jijjiga kwanukan Unguwar Boro, amma tankin ruwan Nathan ko motsi bai yi ba. Sabuwar igiyar ɗaure kayan jirgin sama ce ta riƙe shi.

Matarsa Damaris ta leƙo. "Baban Debby, wannan igiyar daga wurin aikinku take?"

"Aro na yi. Ran Litinin zan mayar."

Bai gaya mata sauran ba. Da safe, da suka loda ƙaton janareto a jirgin kayan da zai je Legas, da tsohuwar igiya ya ɗaure gefe ɗaya. Ya juya inda ta cinye zuwa ƙasa don kada mai dubawa ya gani. Ya san abin da kan faru in kaya mai nauyi haka ya kwance a sama: ya zame zuwa wutsiya, hancin jirgi ya ɗaga, matuƙi ya rasa yadda zai yi. Amma tafiyar ba nisa. In babu hadari, igiyar za ta kai.

Ya ɗaga kai. Kudu ta yi baƙi ƙirin.

"Debby ta kira? Motarsu ta zuwa Legas ta wuce garin Kakau?"

Damaris ta yi murmushi. "Ni in bar 'yata ta bi wannan hanyar? Abokinka Kyaftin Ernest na roƙa, ya ba ta kujera a jirgin Legas. Tun ɗazu suka tashi. Ya ce in kwantar da hankalina, kai ka ɗaure kayan da hannunka."